Shehun Malamin Da Ya Bar Nazarin Taurari Ya Koma Kan Ƙofofi Da Matakalu

Da sanyin safiyar ran Alhamis 22 ga watan Agusta, 1985, wani jirgin sama samfurin Boeing 737 ya ɗauki mutum 137 a filin jirgin saman Mancesta ta ƙasar Ingila, zai kai su hutu wani tsibiri na ƙasar Girka. Yana cikin gudu a kan titinsa, bai kai ga tashi ba, sai injinsa na hagu ya fashe, wani ɓallin ƙarfe ya huda tankin man da ke cikin fiffike, wuta ta kama. Matuƙan suka taka birki suka tsai da shi, motocin 'yan kwana-kwana kuma suka iso cikin ƙasa da minti guda. Jirgin nan bai faɗo daga sama ba, bai yi karo da kome ba, yana tsaye bisa ƙafafunsa a gaban masu kashe wuta. Duk da haka mutum 55 suka rasa rayukansu, kuma yawancinsu hayaƙi mai guba ne ya kashe su tun wuta ba ta taɓa jikinsu ba.

Abin da ya ɗaure wa hukuma kai shi ne, bisa doka ba a yarda jirgin fasinja ya fara aiki sai masu ƙera shi sun nuna cewa ana iya fitar da kowa daga cikinsa cikin sakan 90, da rabin ƙofofinsa kaɗai. Irin wannan jirgi ya ci wannan jarrabawa tun da daɗewa. To, me ya hana mutane fita a Mancesta? Bincike ya nuna cewa ƙofar gaba ta dama ta cije da farko, fasinjojin da ke zaune kusa da ƙofar kan fiffike sun sha wuya kafin su buɗe ta, sa'an nan wata 'yar hanya da ke tsakanin kabad biyu na kicin, mai faɗin inci 22 da rabi kacal, ta toshe da mutane masu turereniya cikin duhun hayaƙi.

Daga cikin waɗanda wannan haɗari ya sauya wa rayuwa akwai wani matashin malamin lissafi mai suna Edwin Galea. A ƙasar Ostareliya ya tashi, ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Monash ta birnin Melbon, sa'an nan ya yi digirin dokta a Jami'ar Newcastle ta can Ostareliya. Abin da ya yi nazari a kai kuwa ya yi nisa da gobara nisan sama da ƙasa, domin lissafin taurari ya karanta, watau yadda iska mai tsananin zafi take juyawa a cikin tauraro. Bayan ya zo Ingila ya kama aiki a wata kwalejin fasaha ta Landan, wadda a lokacin ake kira Thames Polytechnic, ita ce ta zama Jami'ar Greenwich cikin 1992. A can ne hukumar kula da jiragen sama ta Ingila ta ba shi aikin kwaikwayon gobarar Mancesta a cikin kwamfuta, don a ga yadda wuta da hayaƙi suka bazu a cikin jirgin. Cikin 1986 ya kafa wani rukunin masu bincike kan kare rayuka daga gobara, ya kuma shugabance shi shekaru fiye da talatin.

Mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa tauraro da gobara. A wurin masu lissafi 'yan uwa ne na jini. Ƙa'idodin da ke bayyana yadda iska mai zafi take tashi, ta juya, ta ɗauki zafi daga nan zuwa can, su ne dai ake amfani da su ko a cikin tauraro, ko a cikin ɗaki. Saboda haka kwaikwayon hayaƙi bai gagari Galea da abokan aikinsa ba, daga baya ma suka fito da wata manhajar kwamfuta ta musamman domin wannan aiki, suka sa mata suna SMARTFIRE. Amma da tafiya ta yi tafiya sai ya bayyana cewa sanin inda hayaƙi zai kai cikin minti biyu rabin amsa ne kawai. Sauran rabin shi ne a san inda mutane za su kasance a cikin minti biyun nan, kuma a nan ne lissafi ya tarar da abin da ya fi tauraro wuyar sha'ani, watau ɗan Adam.

Yadda aka ɗauki mutane a da

Shekara da shekaru dokokin gini sun ɗauki mutane tamkar ruwa a cikin bututu. Idan bene zai ɗauki mutum kaza, sai a ba shi ƙofa mai faɗi kaza da matakala mai faɗi kaza, a raba wannan da wancan, a ce ginin zai zama fanko cikin minti kaza. Lissafin yana da kyau a takarda, sai dai an gina shi a kan zato biyu. Na farko, cewa da zarar ƙararrawa ta kaɗa kowa zai miƙe ya nufi waje. Na biyu, cewa kowa zai bi ƙofar da ta fi kusa da shi. Idan kuwa aka sami hasarar rai, sai a ce ai mutane ne suka firgita suka rasa hankalinsu, shi ke nan an wanke gini da wanda ya zana shi.

Tun kafin Galea ya shigo fagen, wasu masanan halayyar ɗan Adam na Ingila, irin su David Canter da Jonathan Sime, sun fara rushe wannan zato. Sime ya bi diddigin gobarar da ta tashi cikin 1973 a wani katafaren gidan shaƙatawa mai suna Summerland, a wani tsibiri da ke tsakanin Ingila da Ailan, inda mutum 50 suka mutu. Ya gano cewa mutane ba gudun fanfalaƙi suka yi ba. Iyaye sun koma ciki neman 'ya'yansu, iyali sun jira juna, kuma yawancin baƙi sun nufi babbar ƙofar da suka shigo ta ciki, suka bar ƙofofin gaggawa da ba su saba da su ba. Cikin 1979 kuma wani babban kanti na Woolworths ya kama wuta a Mancesta, mutum 10 suka rasu, galibinsu a sashen cin abinci, inda wasu suka ci gaba da zama a kan teburansu bayan an fara ganin hayaƙi. A wannan gobara ce 'yan kwana-kwana suka yi ta fama da yanke ƙarafan da aka garƙama wa tagogi kafin su ceto ma'aikatan da suka maƙale a bayansu.

Wani gwaji da Sime ya yi tare da wata masaniya 'yar ƙasar Kanada, Guylène Proulx, wanda aka buga sakamakonsa cikin 1991, ya ƙara fito da maganar fili. Sun je wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a birnin Newcastle na Ingila, suka shirya fitar da fasinjoji sau biyar ba tare da sanarwa ba, kowane karo da irin gargaɗinsa. Da aka kaɗa ƙararrawa kawai, mutane suka ci gaba da karatun jaridunsu suna jiran jirgi, aka shafe fiye da minti takwas kafin su fara motsi. Da aka yi musu magana ta lasifika aka faɗa musu inda wutar take da hanyar da za su bi, sai suka kama hanya cikin kusan minti guda. Ashe abin da ya fi kashe mutane a gobara jinkiri ne, kuma jinkirin nan rashin bayani ne yake haifar da shi. Hukumomin da suke ɓoye wa jama'a gaskiya wai don kada su firgita, su ne suke cinye musu mintocin da za su tsira da su.

Mutanen cikin kwamfuta

Gudummawar Galea da mutanensa ita ce shigar da wannan sani cikin lissafi. Tun daga farkon shekarun 1990 suka fara gina wata manhaja mai suna EXODUS, wadda ta rabu kashi-kashi: akwai ta jiragen sama, akwai ta gine-gine, akwai ta jiragen ruwa da ta jiragen ƙasa. Ana ɗaukar zanen gini a shigar da shi cikin kwamfuta, a yanka daɓensa gida-gida, kowane gida rabin mita a kowace kusurwa, gwargwadon wurin tsayuwar mutum ɗaya. Sa'an nan a zuba mutane na ƙarya a ciki, amma kowanne da nasa hali. Wannan tsoho ne mai tafiyar hawainiya, wancan saurayi ne mai kutse, wata ba ta san kowace ƙofa ba sai wadda ta shigo, wani kuwa sai ya ɓata minti uku kafin ya tashi daga kujerarsa. Idan aka haɗa da lissafin hayaƙi, kwamfuta tana ƙidaya gubar da kowannensu ya shaƙa, ta rage masa sauri idan hayaƙi ya yi kauri, ta sa shi rarrafe, ta kuma nuna daidai wurin da zai faɗi idan bai kai ƙofa ba.

Amfanin wannan a fili yake. Mai zanen gini yana iya ƙona gininsa sau ɗari tun ba a haƙa harsashi ba, ya toshe wannan matakala ya gani, ya faɗaɗa waccan ƙofa ya sāke gani. Gwaji da mutane na gaske kuwa yana da tsada da haɗari. Cikin 1991, a wajen gwajin fitar da fasinjoji daga jirgi samfurin MD-11 a Amurka, wata dattijuwa ta faɗi ta sami shanyewar jiki har iyakar rayuwarta. Cikin 2006 kamfanin Airbus ya tara mutum 873 a birnin Hambug na Jamus don gwada babban jirginsa A380, suka fita cikin sakan 78, amma wani ya karye a ƙafa. Kuma duk wahalar nan sakamako ɗaya tak ake samu, na rana ɗaya, da mutanen da suka san gwaji ake yi.

Sai dai kwamfuta ba ta da sanin gaibu. Abin da aka ɗura mata shi take amayarwa, idan aka ba ta ƙarya ta mayar da ƙarya cikin kwalliya. Wannan shi ne babban sukan da ake yi wa irin wannan manhaja, kuma suka ne mai tushe, domin hoton mutane suna tafiya a kan allo yana iya ruɗin jami'in da zai sa hannu a kan zane, ya ɗauka gaskiya yake kallo. Saboda haka mafi yawan shekarun aikin wannan rukuni a wajen tattara shaida suka tafi. Sun tara bayanan waɗanda suka tsira daga haɗarin jirgin sama fiye da 100, kusan mutum 2,000, suka duba inda kowa ya zauna da ƙofar da ya bi, inda suka gano cewa yawancin masu tsira ba su wuce layin kujeru biyar ba kafin su kai mafita. A Jami'ar Cranfield kuma wata shehiyar malama, Helen Muir, ta yi wata dabara: ta cika gangar jikin jirgi da mutane ta ce rabin da suka riga fita za su sami fam biyar-biyar. Nan take ladabi ya kau, turereniya irin ta Mancesta ta bayyana, aka auna yadda faɗin hanya yake hana toshewa, aka ba da shawarar a faɗaɗa 'yar hanyar nan ta kicin zuwa inci 30.

Dogayen benayen New York

Harin da aka kai wa tagwayen benaye na Cibiyar Ciniki ta Duniya a New York ran 11 ga Satumba, 2001, ya buɗe wani sabon babi. Hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, NIST, ta ƙiyasta cewa mutum wajen 17,400 ne suke cikin benayen biyu a safiyar nan, watau ba su kai rabin cika ba. Kowane bene yana da hawa 110 da matakala uku kawai, biyu masu faɗin inci 44, ɗaya mai inci 56. Benen arewa ya yi minti 102 a tsaye bayan jirgi ya dake shi. Hukumar ta lissafa cewa da benayen a cike suke, da fitar da mutane ta ɗauki fiye da sa'a uku, da kuma waɗanda suka mutu sun kai wajen 14,000.

Rukunin Greenwich, tare da jami'o'in Ulster da Liverpool, sun zauna da mutum 271 daga cikin waɗanda suka tsira, suka bi da kowannensu tafiyarsa daki-daki tun daga lokacin da ya ji ƙara har ya taka titi. Abin da ya fito ya isa ya sa duk ma'aikacin ofis ya yi tunani. Mutane da yawa ba su miƙe nan take ba. Wasu sun tsaya kashe kwamfuta, wasu sun kulle takardu a kabad, wasu sun buga waya gida, wasu sun sauya takalmi, wasu sun zagaya neman abokan aiki ko jiran umarnin shugaba. A kan matakala kuma an ga abubuwan da tsohon lissafi bai san da su ba: gajiya, masu ƙiba da marasa lafiya da ake bi a hankali, da 'yan kwana-kwana masu hawa da kaya a daidai lokacin da jama'a suke sauka. An kuma ga amfanin abu mai araha. Bayan bam ɗin da aka tayar a ƙarƙashin ginin cikin 1993, lokacin da mutane suka yi sa'o'i suna lalube a duhu, an shafa wa matakalun wani fenti mai haske a duhu, kuma cikin 2001 ya taimaka wa masu sauka. Daga baya dokar gini da yawancin jihohin Amurka suke bi ta wajabta ƙarin matakala a sababbin gine-gine da suka wuce ƙafa 420, da alamu masu haske a matakalu, ta kuma yarda a ƙera lif na musamman domin fitar da mutane lokacin gobara.

Wani binciken ya shafi abin da kowa yake wucewa ta ƙarƙashinsa kullum, watau koren allon nan mai hoton mutum yana gudu da kibiya. Da suka gwada, sai suka tarar kashi 38 cikin 100 ne kawai na mutane suke lura da shi, ko da yana gabansu kai tsaye. Amma kusan duk wanda ya gan shi yana bin sa. Sai suka sa wa kibiyar ƙananan fitilu masu walƙiya, waɗanda ba sa kamawa sai ƙararrawa ta kaɗa, nan da nan masu lura suka kai kashi 77. Suka ƙara da jan gicciye da ke kunnuwa a kan allon idan hanyar ta zama mai haɗari, aka gwada tsarin a wata tashar jirgin ƙasa kusa da Basalona ta ƙasar Sifen. Gyaran bai taka kara ya karya ba a wajen kuɗi, amma sai da aka sami wanda ya tsaya ya tambaya ko mutane suna ganin allon ma tukuna.

Ginin da ba a gama ba

Duk dokokin da aka ambata domin ginin da aka gama ne. To, ina labarin birkiloli da kafintoci da leburori da masu ɗaurin rodi, waɗanda suke yini a hawa na talatin alhali ba a gama matakala ba, ba a sa ƙofofin tare hayaƙi ba, ba a haɗa famfunan kashe wuta ba? Wurin gini yana cike da katako da roba da tukwanen gas da tartsatsin walda, kuma hanyar da ma'aikaci ya bi jiya wataƙila yau an toshe ta da bulo. Duk da haka, idan za a tsara musu hanyar tsira, alƙaluman da aka samo daga ma'aikatan ofis masu tafiya a kan daɓe mai santsi ake ara.

Ƙungiyar IOSH ta Ingila, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta ɗauki nauyin rukunin Galea don ya cike wannan giɓi, aka buga rahoton cikin 2019. Sun shiga wuraren gina dogayen benaye biyu a titin Bishopsgate na tsakiyar Landan, ɗaya daga cikinsu shi ne ya zama bene mai hawa 62 da tsawon mita 278. Suka kakkafa kyamarori, aka kaɗa ƙararrawa sau huɗu ba tare da an sanar da ma'aikata ba, mutum fiye da 900 suka shiga cikin gwajin. Ban da wannan suka auna saurin tafiyar wasu ma'aikata fiye da 150 a kan irin daɓen da ake samu a wurin gini, watau kankare, da shimfiɗaɗɗen rodi, da kwanon ƙarfe mai kwari-kwari da ake shimfiɗawa kafin a zuba dakin.

Sakamakon ya nuna cewa tafiya a kan rodi da kwanon ƙarfe ta fi ta kan kankare nawa ƙwarai, har ma akwai bambanci tsakanin mai bin kwarin kwanon da mai tsallaka shi. A can ƙololuwar gini, inda ake kafa allunan zuba kankare, tsani ne kaɗai hanyar sauka, kuma tsani mutum ɗaya-ɗaya yake ɗauka, saboda haka a gindinsa ake cunkushewa. Da suka shigar da waɗannan alƙaluma cikin kwamfuta sai suka ga cewa musanya tsani da matakalar wucin gadi yana rage lokacin fita, haka nan yin amfani da lif ɗin ɗaukar kaya da ma'aikata yana iya taimakawa idan mai sauri ne, mai ɗaukar mutane da yawa.

Amma abin da ya fi jan hankali shi ne halin ma'aikatan kansu. Da aka tambaye su, mafi yawansu sun san cewa ƙararrawa tana nufin a fita nan take, amma waɗanda suka ce abin da suka fara yi ke nan ba su kai rabi ba. Sauran sun tsaya ƙarasa abin da ke hannunsu, ko adana kayan aiki, ko gyara wurin don kada ya cuci wani. A nan ya kamata a yi musu adalci. Mutumin da injin ɗaga kaya yake riƙe da tan guda na ƙarfe a bisa kansa ba zai juya baya ya tafi ba, wanda kuma yake tsakiyar aikin kankare ya san abin da zai biyo baya idan ya bar shi ya daskare. Ga kuma tsoron abin da shugaban aiki zai ce. Sau da yawa jinkirin ma'aikaci daga riƙon amanarsa yake fitowa, don haka tsawa da tara ba za su magance shi ba. Sai kamfani ya faɗa masa tun da wuri, a fili, wane aiki ne ake jefarwa a gudu, wanne ne kuma dole a kashe shi tukuna, kuma wa zai ɗauki alhakin hasarar.

Irin aikin da ke cikin wannan fage

Ɗalibin da yake sha'awar wannan hanya zai lura cewa ba ta da ƙofa guda. Galea daga lissafin taurari ya shigo, Sime da Muir daga ilimin halayyar ɗan Adam, Proulx kuwa ta haɗa wannan da nazarin tsarin gini kafin ta yi aiki a majalisar bincike ta ƙasar Kanada har zuwa rasuwarta cikin 2009. A rukuni ɗaya za a tarar da mai lissafi, da injiniya, da mai rubuta manhaja, da masanin halayya, kowa yana bukatar abin da ke hannun ɗan uwansa. Aikin kuma ba na mai gaggawa ba ne. Sa'a guda ta fim ɗin mutane suna fita daga gini tana iya cin makonni ana dubawa hoto bayan hoto, ana rubuta sakan ɗin da kowa ya ɗaga kai da sakan ɗin da ya ɗaga ƙafa. Ga neman kuɗin bincike, ga lallashin masu kamfani su yarda a tsai da aikinsu na sa'a guda, ga kwamitin ɗa'a na jami'a da zai tabbatar ba a jefa kowa cikin haɗari ba.

Lada yana zuwa, amma a makare. Cikin 2002 Jami'ar Greenwich ta sami lambar yabo ta Sarauniyar Ingila saboda wannan aiki, an kuma yi amfani da manhajar wajen tsara manyan gine-gine da jiragen ruwa da na sama a ƙasashe da yawa. Sai dai doka takan jira gawa kafin ta motsa. Benen Grenfell na Landan, mai hawa 24 da matakala ɗaya tak, ya ƙone ran 14 ga Yuni, 2017, mutum 72 suka mutu, da yawansu suna cikin ɗakunansu suna bin umarnin da aka ba su na su zauna a jira ceto. Sai cikin 2023 gwamnati ta sanar cewa sababbin gidajen kwana da suka wuce mita 18 a Ingila za su riƙa samun matakala ta biyu.

Akwai kuma wata iyaka da masu binciken da kansu suka gane. Halin mutane yana bin al'adarsu. A wani aiki da Tarayyar Turai ta biya, an fitar da ɗalibai daga ɗakunan karatu na jami'o'i a Turkiyya da Foland da Jamhuriyar Cek da Ingila, ba tare da sanarwa ba, aka ga cewa tsawon jinkirinsu ba ɗaya ba ne. Idan haka ne tsakanin waɗannan ƙasashe, to alƙaluman Landan ba za su dace da Kano ko Kaduna kai tsaye ba, inda tufafi daban ne, zaman maza da mata a wurin taro daban ne, ɗan kasuwa kuma yana da dalilinsa na komawa cikin rumfa mai cin wuta, tun da dukiyarsa duka tana ciki kuma ba inshora.

Ƙasar nan ta san gobarar dogon bene. Cikin Janairun 1983 benen NET na Legas, wanda ya fi kowane gini tsawo a Nijeriya a lokacin, ya kama wuta da ma'aikata a ciki, cikin Janairun 1985 kuma benen Cocoa House na Ibadan ya bi sahu. Cikin 2006 aka fito da kundin ƙa'idodin gini na ƙasa, jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya kuma suna da sassan koyar da gini da zanensa. Kayan da binciken Newcastle ya bukata ba su wuce agogo da kyamara da lasifika da izinin hukuma ba. Da waɗannan ɗalibi zai iya auna minti nawa sakatariyar jiha take ɗauka kafin ta zama fanko, ƙofa nawa daga cikin waɗanda ke kan zane suke buɗe da rana, nawa aka garƙame da kwaɗo saboda ɓarayi, da kuma wanda mabuɗin yake aljihunsa.